FILIN WASANNI: Mena a gasar Kofin Afirka, ƙarfin gida da wuyar baƙunta

Makiyayan da ke kiwo wajen Tarmit da duwatsun Abzin sun san mena. Dabbar daji ce, ƴar'uwar barewa, amma ta fi barewa tsawo. Wuyanta da bayanta ja ne, cikinta fari. Tana da gudu, tana jure ƙishirwa. Ta yi ƙaranci ƙwarai a daji, har doka ta hana farautarta. Sunan wannan dabba aka ba ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Nijar. In aka ji rediyo ya ce Mena ta ci, ko an ci Mena, to ƴan wasan ƙasa ake nufi.

Filin wasanni na wannan wata ya kawo ma masu karatu tarihin Mena a gasar Kofin Afirka. Sau biyu ta shiga wannan babbar gasa, a shekarar 2012 da ta 2013. Tun daga nan ba ta koma ba. In aka bi wasannin ɗaya bayan ɗaya, aka yi lissafi, abu guda zai fito fili. A filin Yamai ne Mena ta samu izinin shiga duka biyu. Duk sa'ad da ta bar gida kuwa, sai ƙafarta ta yi nauyi.

Mene ne Kofin Afirka?

Gasa ce ta ƙwallon ƙafa tsakanin ƙasashen Afirka. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, wadda ake kira CAF, ita ke shirya ta. An fara ta a shekarar 1957 a birnin Kartum na ƙasar Sudan. Ƙasa uku kaɗai suka buga a lokacin: Masar da Sudan da Habasha. Masar ce ta ɗauki kofin. Sannu a hankali gasar ta girma. Daga 1996 aka ware wuri ga ƙasa 16, daga 2019 kuma aka kai su 24.

Ba kowace ƙasa ke zuwa ba. Sai an yi wasannin tankaɗe tukuna. Akan raba ƙasashe rukuni-rukuni, yawanci huɗu-huɗu. Kowace ƙasa ta buga da sauran ukun sau biyu, ɗaya a gidanta, ɗaya a gidansu. Wasa shidda ke nan. Wadda ta ci wasa tana samun maki 3. In an yi kunnen doki, wato babu wadda ta ci wata, kowace ta samu maki 1. Wadda aka ci ba ta samun kome. In an gama, sai a haɗa maki, a ga wadda ke bisa.

Nijar ta samu ƴancin kai a 1960. Shekara hamsin bayan haka, Mena ba ta taɓa tsallake wannan tankaɗe ba. Mutanen Maradi da Damagaram da Tawa sukan kasa kunne ga rediyo su ji wasan Najeriya, ko na Kamaru, ko na Gana. Tasu ƙasar ba ta ciki.

Hanyar zuwa Gabon

An sa gasar 2012 a ƙasar Gabon da ta Gine Ekwatoriyal. A wasannin tankaɗe, Mena ta faɗa rukuni ɗaya da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo. Masar tana riƙe da kofin a lokacin. Ta ɗauke shi sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010, kuma sau bakwai ke nan a tarihi. Afirka ta Kudu kuwa ba ta daɗe da karɓar baƙuncin gasar Kofin Duniya ta 2010 ba. Babu wanda ya sa Nijar cikin lissafi.

Mai horon Mena a lokacin ɗan ƙasa ne, Haruna Dula Gabde. Mai tsaron raga shi ne Kasali Dauda. A gaba kuwa akwai Musa Ma'azu, haifaffen Yamai, wanda ya buga ma ƙungiyar sojoji ta AS FAN kafin ya tafi Beljik da Rasha da Faransa.

Wasan farko, cikin watan Satumba na 2010, an yi shi a Afirka ta Kudu. Aka ci Mena 2 da 0. Mutane suka ce abin da aka saba ne.

Ran 10 ga watan Oktoba na 2010, Masar ta zo Yamai. Aka buga a filin wasa na Janar Saini Kunce, wanda aka buɗe a 1989. Fili ya cika maƙil. Musa Ma'azu ya jefa ƙwallo ɗaya a ragar Masar. Masarawa suka yi iyakar ƙoƙarinsu su rama, abin ya faskara. Aka tashi 1 da 0. Mai riƙe da kofin Afirka ta sha kashi a Yamai. Daga wannan rana ne jama'a suka fara duban Mena da wani ido.

Cikin watan Maris na 2011, Saliyo ta zo Yamai, Mena ta ci ta 3 da 1. Cikin watan Yuni Mena ta tafi Firitawun, babban birnin Saliyo, aka ci ta 1 da 0. Cikin watan Satumba Afirka ta Kudu ta zo Yamai. Kofi Ɗan Kowa ya jefa ɗaya, Musa Ma'azu ya ƙara ɗaya, baƙi suka rama ɗaya. Aka tashi 2 da 1. Mena ta haɗa maki 9, ta hau bisa rukuni. Saura wasa ɗaya.

Ranar da aka yi rawa a banza

Ran 8 ga watan Oktoba na 2011 aka buga wasannin ƙarshe, a lokaci guda. Mena tana Alƙahira tana bugawa da Masar. Afirka ta Kudu tana gidanta tana bugawa da Saliyo. Masar ta riga ta fita daga lissafi, don haka ta sa samarinta. Duk da haka suka ci Mena 3 da 0. Cikin waɗanda suka jefa ƙwallo a ranar akwai wani saurayi mai shekara 19, Muhammadu Salah, wanda daga baya ya yi suna a duniya.

Labari ya kai filin Afirka ta Kudu cewa ana cin Nijar. Su kuma suna 0 da 0 da Saliyo. Sai mai horonsu da ƴan wasansu suka yi nasu lissafi. Suka ga in an tashi haka, Nijar da Afirka ta Kudu da Saliyo kowace za ta samu maki 9. Suka ɗauka in maki ya zo ɗaya, yawan ƙwallaye ake dubawa. Afirka ta Kudu ta jefa 4, an jefa mata 2. Nijar ta jefa 6, an jefa mata 8. Bisa wannan lissafi, su ne gaba. Sai suka daina neman ci, suka koma ɓata lokaci. Da alƙalin wasa ya hura usur na ƙarshe, suka shiga rawa da waƙa, suna kewaya fili, jama'arsu na taɓa masu.

Ashe sun riga malam masallaci. Dokar gasar tana rubuce tun kafin a fara wasa ko ɗaya, kuma ba haka ta ce ba. Ta ce in ƙasashe suka yi maki ɗaya, abin da za a fara dubawa shi ne wasannin da suka buga tsakaninsu. Sai a ajiye wasannin Masar gefe, a sake lissafi.

Ga yadda ya fito. Nijar ta ci Saliyo sau ɗaya, ta ci Afirka ta Kudu sau ɗaya: maki 6. Afirka ta Kudu ta ci Nijar sau ɗaya, ta yi kunnen doki biyu da Saliyo: maki 5. Saliyo ta ci Nijar sau ɗaya, ta yi kunnen doki biyu: maki 5. Nijar ce bisa. A ranar da aka ci ta 3 da 0, a ranar ta samu shiga Kofin Afirka karo na farko. Murnar Afirka ta Kudu ta koma ciki. A Yamai da sauran garuruwa kuwa aka kwana ana shagali.

Afirka ta Kudu tana da kuɗi, tana da manyan filaye, tana da masu ilmi. Abin da ya kada ita, ba a karanta takardar doka da kyau ba. Da sun san dokar, da sun nemi ci har minti na ƙarshe, domin ƙwallo ɗaya ta ishe su. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Duk wanda ya taɓa dangwala yatsa bisa takardar bashi ko ta awon gyaɗa ba tare da ya san abin da ke ciki ba, zai gane abin da ya same su.

Amma kada a ce sa'a ce kaɗai. Makin nan 9 ba kyauta aka ba Mena ba. Wasa uku ta buga a gida, ta ci duka ukun. A ƙarshen shekarar 2011, hukumar CAF ta zaɓi Haruna Dula a matsayin gwanin masu horo na Afirka duka. A gasar ta 2012 babu Masar, babu Najeriya, babu Kamaru, babu Aljeriya. Nijar tana ciki.

Wasa uku a Libarabil

Tafiya irin wannan tana cin kuɗi. Domin a tara guzurin Mena, an ƙara ɗan kuɗi bisa kiran wayar hannu na ɗan lokaci. Ke nan manomi da makiyayi da mai talla, duk wanda ya buga waya a kwanakin nan, ya sa hannu cikin tafiyar.

Ana gab da tafiya, aka kawo wani Bafaranse, Rolan Kurbis, domin ya ba Haruna Dula shawara. Mena ta faɗa rukuni ɗaya da Gabon mai masaukin baƙi, da Tunisiya, da Maroko. Duk wasanninta uku a Libarabil aka yi su, babban birnin Gabon.

Ran 23 ga watan Janairu na 2012 ta buga da Gabon. Filin ya cika da ƴan gida. Tun kafin a tafi hutun rabin lokaci aka jefa ma Mena biyu. Ɗaya daga ciki Obameyang ne ya jefa ta. Aka tashi 2 da 0. Bayan wannan wasa, sai ragamar ƙungiya ta koma hannun Kurbis. Mutumin da ya kawo Mena gasar, wanda Afirka ta yaba ma wata guda da ya wuce, aka mai da shi baya.

Ran 27 ga wata aka buga da Tunisiya. Minti huɗu da farawa Tunisiya ta jefa ɗaya. Ba a jima ba, a minti na 9, Wiliyam Ngunu ya rama. Mena ta tashi tsaye, ta yi ta kai hari, Musa Ma'azu ya wahal da ƴan bayan Tunisiya. Jama'a sun fara sa ran maki ɗaya. Ana gab da tashi, sai Isam Jama'a na Tunisiya ya jefa ta biyu. Aka tashi 2 da 1. Wannan wasa shi ne mafi kyau da Mena ta buga a gasar, shi ne kuma mafi ciwo.

Ran 31 ga wata aka buga da Maroko. Dukansu biyu sun riga sun fita. Maroko ta ci 1 da 0, ita ma can wajen ƙarshen wasa. Mena ta koma gida ba maki ko ɗaya. Zambiya ce ta ɗauki kofin wannan shekara.

Komawa ta biyu

Hukumar CAF ta sauya tsari, ta mai da gasar shekarun da ba su rabuwa biyu daidai, kamar 2013 da 2015. Dalili ke nan aka yi gasa biyu a jere, shekara bisa shekara. Ta 2013 da Libiya aka ba, amma saboda yaƙi aka mai da ita Afirka ta Kudu. Lokaci ya ƙure, don haka ba a yi rukuni ba. Ƙasashen da suka buga gasar 2012, wasa biyu kaɗai aka sa masu da abokiyar karawa ɗaya, gida da waje. Wadda ta fi yawan ƙwallaye ta wuce.

Mena ta haɗu da Gine. Kafin nan Kurbis ya tafi, an ɗauko wani Bajamushe, Garnot Ror. Shi ne mai horon Gabon ranar da ta ci Mena a Libarabil. Ke nan cikin shekara guda, 2012, mutum uku suka riƙe ƙungiya ɗaya.

Cikin watan Satumba na 2012 aka buga a Konakiri, Gine ta ci 1 da 0. Ran 14 ga watan Oktoba Gine ta zo Yamai. Domin ta wuce kai tsaye, dole Mena ta ci da ratar ƙwallo biyu. Aka daɗe ana bugawa babu ci. Jama'a ba su gaji ba, suka yi ta kiɗa da kirari. Can cikin rabin lokaci na biyu, Muhammadu Cikoto ya jefa ɗaya, Isufu Bubakar ya ƙara ta biyu. Aka tashi 2 da 0. In an haɗa wasa biyun, Nijar 2, Gine 1. Filin Yamai ya sake buɗe ƙofa. A wannan karo babu mai cewa kuskuren wani ne ya kai Mena.

A Afirka ta Kudu, Mena ta faɗa rukuni ɗaya da Gana da Mali da Kwango ta Kinshasa. Wasanninta uku a birnin Fot Elizabet aka yi su, bakin teku.

Ran 20 ga watan Janairu na 2013 ta buga da Mali. Ta riƙe wasa babu ci har minti na 84. Sai ƙwallo ta kuɓuce ma mai tsaron raga, Saidu Kaita na Mali ya tura ta ciki. Aka tashi 1 da 0.

Ran 24 ga wata aka buga da Kwango. Kasali Dauda, wanda aka yi ta zargi kwana huɗu da suka wuce, shi ne gwanin ranar. Ya tare ƙwallaye masu wuya. Aka tashi 0 da 0. Wannan shi ne makin farko da Nijar ta samu a Kofin Afirka.

Ran 28 ga wata aka buga da Gana. Asamowa Jan ya jefa ɗaya tun minti na 6. Aka ƙara biyu, aka tashi 3 da 0. Mena ta zo ta ƙarshe a rukuninta. Najeriya ce ta ɗauki kofin, bayan ta ci Burkina Faso 1 da 0.

Lissafin gida da na waje

Manomi in ya gama girbi yakan ƙirga dammansa, ya san gonar da ta ba da amfani da wadda ta ƙi. Ga lissafin Mena na waɗannan shekaru.

A gasar kanta, 2012 da 2013: wasa 6. Ba ta ci ko ɗaya ba. Kunnen doki 1, an ci ta sau 5. Ta jefa ƙwallo 1, an jefa mata 9.

A wasannin tankaɗe, a Yamai: wasa 4, da Masar da Saliyo da Afirka ta Kudu da Gine. Ta ci duka 4. Ta jefa 8, an jefa mata 2.

A wasannin tankaɗe, a waje: wasa 4, da waɗannan ƙasashe dai. An ci ta duka 4. Ba ta jefa ko ɗaya ba, an jefa mata 7.

In aka haɗa wasannin waje da na gasa, wasa 10 ke nan nesa da gida, ƙwallo 1 tak. Ƴan wasan da suka kada Masar a Yamai, su ne dai suka kasa jefa ƙwallo a Firitawun. Hausawa sun ce giwa a garin wani zomo ce.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. A gida ɗan wasa ya san filin, ya saba da zafin rana, ya ci abincin da ya saba, ya kwana lafiya. Baƙo kuwa zafin Yamai yakan karya shi tun kafin a yi nisa. Ga dubban mutane suna kiran sunan ɗan wasa, ba ya son ya ji kunya gabansu. A waje duk wannan babu. Abin da ya rage shi ne shiri da sabo da haɗin kai. Su kuwa ba a samunsu cikin mako biyu.

Akwai wani abin lura. Wasa uku cikin biyar da aka ci Mena a gasar, a ƙarshe-ƙarshe aka ci ta: da Tunisiya, da Maroko, da Mali. Wannan ya nuna ba a fi ta da nisa ba. Abin da ya rage mata shi ne juriyar minti goma na ƙarshe, sa'ad da ƙafa ta gaji, hankali ya rabu. Mai noma ya san kunyar ƙarshe ta fi ta farko wuya. Sauya mai horo ana tsakar gasa bai taimaka ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sa'ad da gidan ya kuɓuce

Bayan 2013 an shirya gasar Kofin Afirka ta 2015, da ta 2017, da ta 2019, da ta 2021, da ta 2023, da ta 2025. Shidda ke nan, Mena ba ta shiga ko ɗaya ba, ko da yake an ƙara yawan ƙasashe zuwa 24.

Sai kuma wata matsala ta taso. Hukumar CAF ta tsaurara sharuɗɗan filayen wasa: ciyawa, da fitilu, da kujeru, da ɗakunan ƴan wasa. Filaye da yawa a Afirka suka kasa cika sharuɗɗan, har da na Yamai. Sai ya zama wasan da ake kira na gida, a ƙasar wasu ake buga shi. Cikin watan Yuni na 2022 Mena ta karɓi Tanzaniya a Kotonu, ƙasar Benin. Cikin watan Maris na 2023 ta karɓi Aljeriya a ƙasar Tunisiya. Ƙungiyar da ƙarfinta duka a gida yake, ta wayi gari ba gida.

A tankaɗen gasar 2025, wanda aka yi a ƙarshen shekarar 2024, Mena tana rukuni ɗaya da Angola da Sudan da Gana. Mai horo shi ne Badu Zaki, tsohon mai tsaron ragar Maroko. Wasa huɗun farko maki 1 kaɗai ta samu, daga kunnen doki 1 da 1 da ta yi da Gana a garin Barkan na Maroko. Sai cikin watan Nuwamba ta farka. Ta ci Sudan 4 da 0 a Lome, ƙasar Togo. Bayan kwana huɗu ta tafi Akara, ta ci Gana 2 da 1 gaban jama'arta. Amma a ranar Sudan ta yi 0 da 0 da Angola. Aka tashi Angola 14, Sudan 8, Nijar 7, Gana 3. Biyun farko suka wuce. Maki ɗaya ya hana Mena. Da Angola ta ci Sudan, da maki ya zo ɗaya, da dokar nan ta 2011 ta sake ɗaga Nijar. Cikin wasa shiddan nan, babu ko ɗaya da aka buga a Yamai.

Sai dai rashin fili ba zai zama uzuri ga kome ba. Sudan ɗin da ta wuce, yaƙi ya hana ta bugawa a gidanta, a ƙasashen wasu ta karɓi baƙinta, amma ta wuce. Mai horonta, Kwasi Afiya, shi ne ya jagoranci Gana ranar da ta ci Mena 3 da 0 a 2013.

Abin da ke ba da fata

Cin Gana a Akara ya nuna Mena ta fara koyon baƙunta. Abin da ya gagare ta a 2011 da 2012, ta yi shi a 2024. A tankaɗen Kofin Duniya na 2026 ma, ta zo ta biyu a rukuninta, bayan Maroko, har ta ci Zambiya a gidanta.

CAF ta kuma shirya wata gasa domin ƴan wasan da ke bugawa cikin ƙasashensu kaɗai, wadda ake kira CHAN. A wadda aka yi a Aljeriya a farkon shekarar 2023, Mena ta ci Kamaru 1 da 0, ta ci Gana 2 da 0, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, ta ƙare ta huɗu. Mai horon da ya kai ta can shi ne Haruna Dula, wanda aka mai da baya a Libarabil. Ƴan wasan kuma duka na ƙungiyoyin cikin gida ne. Ke nan iri yana nan cikin ƙasa.

Tarihin nan ya nuna abu biyu da Mena ke bukata, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Na farko, fili a gida wanda ya cika sharuɗɗa, ana kula da shi kullum, domin can ne aka samu maki 9 na 2011 da ƙwallo biyu na 2012. Na biyu, shiri mai tsawo: a bar mai horo ya daɗe da ƴan wasansa, a yi wasannin gwaji a waje, a san dokar gasa tun kafin a shiga fili.

Shirin kuwa ba a Yamai kaɗai yake farawa ba. Yaran da ke buga ƙwallon tsumma bayan gari da marece, a Tasawa ko Madawa ko Magarya ko Dogon Dutsi, cikinsu ne ake samun ƴan Mena. Garin da ya ware ma samarinsa fili, ya share shi, ya hana a gina shi ko a nome shi, ya yi nasa aikin. In an gama aikin gona, samarin gari su gayyaci na garin maƙwabta, wata rana su ma su je can su buga. Ta haka yaro ke saba wasa gaban jama'ar da ba tasa ba.

Har yanzu ƙwallon da Wiliyam Ngunu ya jefa ran 27 ga watan Janairu na 2012 ita kaɗai ce Nijar ke da ita a tarihin Kofin Afirka. Ana jiran wanda zai jefa ta biyu, da ranar da Mena za ta ci wasanta na farko a wannan gasa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.